Ranar da Goggo Ta Tambayi Wayata

Wajen ƙarfe ɗaya na ranar Talata kyanwar gidan ta ratsa ta tsakanin ƙafafuna da ɗanta a baki, ta nufi ɗakin ciki. Goggo ta bi ta da kallo har ta shige. Na zaci za ta fita tsakar gida ta ɗaga kai ta dubi sama yadda ta saba, sai ta juyo ta dube ni.

"Digiri, me wayarki ta ce?"

A nan gabana ya faɗi, tun iska ba ta kaɗa ko ganye ɗaya ba. Shekara ashirin da shida Goggo tana rainon yaran unguwa, babu wanda ya taɓa jin ta tambayi wani ko za a yi ruwa. Ita ake tambaya. Ranar nan ta ajiye duk abin da ta sani ta koma jiran bakina, ni kuwa ban da waya ba ni da komai a hannu.

Goggo yayar babana ce. Da ƙuruciyarta ta yi shekara goma tana share-share da goge-goge a ɗakin haihuwa na babban asibiti, har bayanta ya ƙi sunkuyo ta bari. Mijinta mai gyaran rediyo ne. Ya gina ɗaki ɗaya mai rufin kankare, wanda muke kira ɗakin ciki, da niyyar wata rana zai ɗora bene a kai, sai ya rasu bai ɗora ba. Har yau ƙarafan rodin suna nan a tsaye a saman ɗakin, sun yi tsatsa. 'Ya'yanta biyu maza sun girma sun yi nisa. Wata safiya maƙwabciyarta, malamar makaranta, ta rasa wanda za ta bar wa jaririyarta, Goggo ta ce ta kawo. Daga jaririya ɗaya aka koma uku, daga uku aka koma goma. Jaririyar farkon nan yanzu nas ce a asibitin da Goggo ta yi aiki, kuma ita ma kullum da safe takan kawo tata 'yar, mai shekara biyu da rabi, wadda muke kira Kumatu.

A tsakar gida aka kafa rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe uku. Nan yaran suke wuni a kan tabarmi, da wani dogon teburi gajere da kafinta ya yi mata da tsohuwar ƙofa. A bayan rumfar akwai kejin zomaye da kwatamin agwagi. Kyanwar kuwa sunanta Baƙuwa, don wata rana ta shigo neman inuwa, shekara bakwai ke nan ba ta yi sallama ba.

Ni bara na gama jami'a, na karanta ilimin muhalli. Da zaman jiran aiki ya yi tsawo, babana ya ce in je in riƙa kama wa yayarsa. Ranar da na iso ta karɓi takardar shaidata ta juya ta gaba da baya, ta ce kyakkyawa ce, a ajiye ta inda yara ba za su yi mata fitsari ba. Tun daga nan sunana ya ɓata.

"Digiri, zo ki wanke wa wannan gindi, a yi amfani da ilimin."

Goggo tana da abin da take kira shaidunta uku: yara, agwagi da kyanwa. Idan yaran suka ƙi barcin rana, suka kama cizo da kukan da babu dalili, shaida ɗaya ke nan, ba ta kulawa. Idan agwagi suka bar ruwa suka cure a lungu ɗaya suka yi tsit, biyu ke nan, sai ta kwashe shanya. Idan kuma Baƙuwa ta kwashe 'ya'yanta ko ta kai kanta ƙarƙashin gadon ɗakin ciki, gefen randa, to magana ta ƙare. Sai Goggo ta ɗauki gwangwanin madara da cokali ta buga, tana cewa, "Jirgi! Jirgi!" Yaran su jeru, kowa ya kama rigar na gabansa, su shige ɗakin kankare suna kukan jirgin ƙasa, ita kuma tana bakin ƙofa tana taɓa kan kowa tana ƙirgawa. A rufe ƙofa da taga. Ba a cika rabin awa ba sai iska.

Duk layinmu da gwangwanin nan ake aiki. Tela yana ji zai shigar da ɗinkunan da ya rataye a waje, mai walda ya naɗe wayoyinsa. Babana ya ce sau biyu iska tana yaye rumfar a shekarun nan, ba ta taɓa samun yaro a ƙarƙashinta ba.

Bana ruwa ya ƙi zuwa a lokacinsa. Mako shida ana zafin da tsofaffin unguwa suka ce ba su san irinsa ba. Hadari ya haɗu da hantsi, ya watse da la'asar, ya bar mutane da gumi. Wuta kuwa sai ta wuni ba a kawo ba.

A idona yaran suka canza. Ƙurajen zafi suka feso musu a wuya da hammata. Tagwayen direban motar burodi, waɗanda ko biskit ɗaya sai sun raba, suka koma yaƙushin juna. Kumatu da ta daina fitsari a wando tun bara ta dawo da shi. Barcin rana ya gagara, sai ka shimfiɗa yaro ya yi ta juyi yana kuka da ido a rufe. Akwai wani yaro ɗan shekara uku da muke kira Shiru, don har yanzu bai fara magana ba kuma ba ya son ƙara. Shi sai ya shige ƙarƙashin teburi ya toshe kunnuwansa, ya wuni a can. Dabbobin ma haka. Agwagi suka daina ƙwai, namijin ya fara bin yara da sara. Wata zomanya ta haihu ta ƙi shayar da 'ya'yan har suka mutu. Baƙuwa ta haifi uku, ta riƙa yawo da su daga lungu zuwa lungu kamar mai gudun masu haya.

Sau huɗu shaidun uku suka haɗa baki a makonnin nan. Sau huɗu Goggo ta buga gwangwani. Ko ɗigo ba a yi ba.

"Goggo, shaidun nan naki an saye su," in ji tela ta kan katanga, yana sake rataye rigunansa.

Mai walda ya ce, "A kawo Baƙuwa in duba ta, wataƙila waya ce ta tsinke a ciki."

"Kai fara gyara ƙofar da ka yi mini, mai kukan jaki," ta ce masa. Ta yi dariya tare da su, amma da ta juyo na ga fuskarta.

Na huɗun ne ya zo da matsala. Yara goma sha ɗaya da mu biyu a ɗakin kankare, ƙofa a rufe, taga a rufe, babu wuta balle fanka. Rufin ya sha rana tun safe, zafin yana saukowa a kan mutum kamar an kifa masa tukunya. Na ce a buɗe, Goggo ta ce a ƙara minti goma, tana jin iskar a gwiwarta. Kafin minti goman su cika Kumatu ta langaɓe a cinyata. Jikinta zafi rau, babu gumi ko kaɗan, idanun sun yi sama. Muka fito da ita a guje muka yi ta zuba mata ruwan randa, ina yi mata fifita da kwali. Allah ya sa ta farfaɗo. Uwarta ta iso da kayan aiki a jikinta, ta duba ta, ta ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Sai da yarinyar ta yi barci a kafaɗarta sannan ta yi magana.

"Goggo, ke kika raine ni, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma ɗakin nan tanda ne. A zafi irin wannan yaro yana iya tafiya ba a ga jini ba, muna ganinsu kullum a wurin aiki. Don Allah ki bar kyanwa ta yi harkarta." Ta juyo gare ni. "Ke da kika yi karatun abin, ba za ki yi mata bayani ba?"

Da yamma bayan an kwashe yaran na same ta tana ba zomaye ganye, na yi mata bayanin. Na ce zafi kaɗai ya isa ya hana yaro barci ya sa shi cizo. Na ce agwagwa tana curewa a lungu ne don inuwa, kyanwa kuma sanyin gindin randa take bi. Na ce yanayin duniya ne yake canzawa, abin da da yake zuwa kafin ruwa da awa ɗaya yanzu yana iya zuwa ya zauna mako shida. Na nuna mata manhajar hasashen yanayi a wayata, na ce masana ne da na'urori a sama suke aunawa. Na yi magana mai tsawo, da daɗin bakin wadda aka daɗe ba a tambaye ta abin da ta karanta ba.

Ta saurare ni har na gama.

"Da can yaro da dabba ba sa yi mini ƙarya," ta ce.

"Ba ƙarya suke yi ba, Goggo. Zafi suke ji."

"To na ji. Ranar da za su ji zafi, da ranar da za su ji iska, da me zan bambanta?"

Na ce da waya. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta rufe kejin. Washegari na ga ta ɗora gwangwanin a can saman kabad, ta mayar da cokalin cikin sauran cokula.

Mako uku ke nan kafin Talatar da nake magana.

Ranar tun safe yaran suke a birkice. Kumatu ta ciji ɗaya daga tagwayen har shatin haƙora ya fito. Babu wanda ya runtsa. Shiru ya shige ƙarƙashin teburi tun ƙarfe sha ɗaya, ko abinci bai fito ya ci ba. Agwagi suna lungu. Sai ga Baƙuwa da ɗa a baki, ta kai, ta dawo ta ɗauki na biyu, ta dawo ta ɗauki na uku. Shi ne Goggo ta tambaye ni.

Na duba. Hoton rana guda bakwai a jere, daga Talata zuwa Litinin. Na sake lodawa, bai canza ba. Na fita tsakar gida na dubi sama da kaina, fari fat, sai dai ɓangaren da benen maƙwabta ya tare mana ba a gani. Na leƙa ɗakin ciki, zafin ya mare ni a fuska. Na tuna idanun Kumatu.

"Ta ce rana, Goggo. Har mako mai zuwa."

"Kin tabbata?"

"Haka ta ce."

Ta shafa gwiwarta. Ta dubi saman kabad ta ƙofar da ke buɗe. Sannan ta zauna a kan tabarma, ta ɗora Kumatu a cinya, ta ce in ɗebo ruwa a jiƙa musu tawul. Muka zauna muna goge musu wuya. Duk bayan minti biyar sai in ciro wayar in duba in mayar. Ita kuwa na ga ba ta jingina ba, kuma takalmanta suna ƙafarta.

Abin da ya fara zuwa sanyi ne. Wata iska mai daɗi ta shigo rumfar ta ɗaga gefen tabarma, yaran suka yi ihun murna, tagwayen suka miƙe suna buɗe hannuwa. Ni ma sai da na lumshe ido. Da na buɗe Goggo ta riga ta miƙe, da Kumatu a kafaɗa. Babu lokacin ɗauko gwangwani, tafi ta yi.

"Jirgi! Jirgi! Digiri, ɗauki ƙananan!"

Hasken tsakar gida ya koma ruwan toka kamar an ja labule. Bokiti ya taso daga bakin famfo ya wuce mu yana gungurawa. Kwanon rumfar ya fara bugawa. Na ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, sauran suka kama rigunan juna. Ba su yi kukan jirgi ba, kukan gaske suke yi. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana taɓa kawuna yadda ta saba, leɓenta yana motsi. Na ga hannunta ya tsaya a iska bayan na ƙarshe ya wuce.

Goma.

Shiru ba ya shiga jirgi. Kullum ita take zuwa ta durƙusa ta miƙa masa bakin zaninta, ya kama, ta jawo shi a hankali. Idan wani ya taɓa shi sai ya ƙanƙame ƙafar teburin.

Ta miƙo mini Kumatu. "Riƙe ƙofar, kada ko ɗaya ya fito."

Ina so in ce na roƙe ta ta bar ni in je. Ban roƙa ba. Na tsaya da yarinya a hannu, bayana a jikin ƙofa, ina kallonta tana ratsa tsakar gida a sunkuye, mayafinta ya tafi. Taku goma sha biyu ne daga ɗakin zuwa teburin, na ƙirga su jiya. Ta kai. Ta durƙusa da wannan bayan nata da ba ya son sunkuyo. Na ga ta miƙa zanin. Sai ginshiƙin gefen katanga ya karye, kwanon ya ɗaga gaba ɗaya ya tsaya a tsaye, sannan ya dawo da katakon tsakiya.

Ban san me na yi ba bayan nan. Tela ya ce ihuna ya ji, ba faɗuwar rumfar ba. Ruwan ya sauko kamar da bokiti, bai kai minti goma sha biyar ba ya ɗauke. Shi da mai walda suka haura katanga suka ɗaga katakon. Teburin tsohuwar ƙofar nan bai karye ba. Shiru yana ƙarƙashi ko ƙwarzane babu, hannu ɗaya a kunne, ɗayan riƙe da bakin zanin Goggo. Ita rabin jikinta yana ciki, rabi yana waje. Jini yana fita ta kunnenta yana bin ruwan.

Na durƙusa ina kiranta. Ta buɗe ido, ba ni take kallo ba.

"Nawa?"

"Sha ɗaya, Goggo. Duk suna nan."

Ta rufe idon. Mai walda, wanda bai taɓa wuce ta bai tsokane ta ba, ya cire rigarsa ya naɗe mata kai yana cewa, "Goggo, ni ne mai ƙofar jaki, ki zage ni mana." A motar burodi aka kai ta asibiti, a kwance tsakanin farantan burodi.

Likita ya ce jini ya taru a cikin kanta kuma ƙwaƙwalwar ta kumbura. Ranar Laraba aka yi mata aiki aka zuƙe jinin. Tun daga nan tana kwance da na'ura a baki, sun sa ta barci da magani. Babana ya zo, 'ya'yanta suna hanya. Ɗakin da take yana hawa ɗaya da ɗakin haihuwar da ta yi shekara goma tana gogewa. Wata tsohuwar mai shara ta gane ta, ta ajiye tsintsiya ta tsaya a bakin taga tana addu'a.

Jiya na haɗu da Nas, uwar Kumatu, a barandar asibiti. Muka zauna a benci ɗaya.

"Ni na ce ta daina," ta ce.

"Ni na ce rana za a yi."

Ta murza idanunta da bayan hannu. "Kin san abin da ya fi damuna? Ko yau aka dawo da ni ranar da Kumatu ta suma, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Ɗakin nan zai iya kashe yaro."

Na ce na sani. Na yi ta juya abin tun ranar, ban sami inda zan tsaya ba. Abin da na faɗa wa Goggo game da zafi gaskiya ne, haka yake a littattafan da na karanta, kuma sau huɗu ya tabbata a gabanmu. Na biyar ɗin ne bai tabbata ba, kuma babu abin da ya bambanta shi da sauran, ko a yaran, ko a agwagin, ko a kyanwar. Tambayar da ta yi mini a gaban kejin zomaye har yanzu ba ni da amsarta. Iyayen yara suna ta kira suna gaisuwa, daga ƙarshe kowa sai ya yi ƙasa da murya ya tambayi yaushe za a buɗe, don ba su da inda za su kai su. Mai walda ya ce zai kafa sabuwar rumfa ta ƙarfe. Ban san a ina zan zaunar da su ba ranar da suka ƙi barci. Uwar Shiru ta ce tun Talata a ƙarƙashin gado yake cin abinci, kuma ya ƙi sakin ɗan ƙyallen da ya yage daga zanin Goggo.

Yau Juma'a. Nas ta ce da safen nan za su rage maganin barcin su ga ko za ta farka, idan ta farka kuma su ga ko za ta gane mutane. Ta ce in koma gida in ba dabbobi abinci, tsayuwata a baranda ba ta ƙara komai, kuma Goggo za ta fara tambayar zomayenta kafin ta tambaye ni.

Na dawo na ba su. Na share tsakar gida, na jingine kwanukan da suka lanƙwashe a bango. Na sauko da gwangwanin daga saman kabad na ajiye a bakin ƙofa, da cokali a ciki. Zafin ya dawo kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Agwagi suna cure a lungu, Baƙuwa ba ta fito da 'ya'yanta daga ƙarƙashin gado ba, wayar kuma tana nuna rana har mako mai zuwa.

Nas ta ce za ta kira ni da zarar likita ya fito daga wurinta. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Har yanzu ba ta kira ba.